Babu Tabon Allura A Hannun Balkisu

Kula ɗaya shuɗiya. Ƙanƙarar roba guda shida. Kwalaben magani huɗu, kowace a kwalinta. Ma'aunin sanyi. Takardar likita. Man kare fata daga rana, guda uku. Kayan sawa kala biyu, duk sun yi datti. Cajar waya. Tsaraba ban yi wa kowa ba.

Abin da na sauko da shi daga Legas ke nan ranar Laraba da azahar, kuma kular tana kan cinyata lokacin da motar Attahiru ta bar filin jirgi ta kama hanyar gari. Ya so ya sa ta a but, bayan mota. Na ce a'a.

"Ke dai Sadiyatu, ko jariri ba a riƙo hakanga," ya ce.

"Jariri in ya ji zafi kuka yake yi. Wannan shiru zai yi ya lalace."

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni: gidanmu yana Ƙofar Kware. Shekara shida na yi a Indiya ina karatun haɗa magunguna, wata takwas ke nan da dawowata. Attahiru shi ne mai neman aurena, babu wanda ya haɗa ni da shi, ni na gan shi na ce ya yi. Ku riƙe wannan, domin nan gaba wasunku za su rubuto mini cewa da ma ba son shi nake yi ba. Jibi Jumma'a magabatansa za su zo sa rana. Maganin da ke cikin kular kuwa na ƙanwata Balkisu ne, shekararta goma sha ɗaya.

Sunan cutar a takardar asibiti juvenile dermatomyositis. A gidanmu "ciwon Balkisu" ake cewa. Garkuwar jikinta ce ta juya tana cin tsokarta da fatarta. Ya fara da fatar idonta, ta yi duhu kamar an zizara mata kwalli an goge. Sai gaɓoɓin yatsu suka yi ƙuraje. Sai ta daina iya tashi daga tabarma in ba ta dafa gwiwa ba, daga baya ko ta dafa. Yanzu ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali. Wata goma sha huɗu tana shan ƙwayar prednisolone, ana ƙara mata da ƙwayar methotrexate duk mako. Kumatu sun cika, ƙarfi bai dawo ba, kuma duk sanda aka rage ƙwaya sai ciwon ya taso.

Makon jiya Dakta Gazali, likitan yaran da ke duba ta a babban asibiti, ya zaunar da ni da Inna, ya kira wata ƙwararriya a Legas ta bidiyo, suka shimfiɗa mana hanya uku. Ta farko IVIG, ƙarin ruwan da ake tacewa daga jinin mutane. Yana aiki, amma kowane wata ne, kuma babu mai iya ba mu tabbacin zai riƙa isowa Sakkwato kowane wata. Ta biyu infliximab, wanda ake sa ran zai taimaka wa ƙulle-ƙullen nan masu tauri kamar alli da suka fito mata a gwiwar hannu. Sai dai yana tayar da tarin fuka in yana kwance a jiki, Balkisu kuwa ɗaki ɗaya ta kwana da kakarmu shekara biyu tana tari har Allah ya karɓi abinsa. Aka ajiye shi gefe. Ta uku rituximab: ƙarin ruwa sau biyu, mako biyu tsakani, ya share rukunin ƙwayoyin garkuwar da ke tada fitinar na tsawon watanni. Shi muka zaɓa, shi na je Legas na ɗauko.

Sharaɗi ɗaya Dakta ya maimaita har sau uku yana buga biro a tebur. A gwada jininta a ga ko akwai ƙwayar ciwon hanta nau'in B. In tana ɓoye a jiki aka sa wannan ruwan, kwance mata ɗauri zai yi, hanta ta tafi. In kuwa an gano ta, ba a fasa ba, sai dai a fara ba yarinya maganin hanta tukuna. Gwajin da na bari a yi bayan tafiyata ke nan.

Motar da muke ciki ta yayan Attahiru ce, Lawwali, wanda ya rasu bara waccan. Har yanzu carbinsa na rataye a madubi. Shekara talatin da huɗu, cikinsa ya kumbura, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, wata biyu aka kai shi makwanci. A gidansu sun ce hannu aka sa masa. Ina Indiya lokacin. Na san alamomin ciwon hanta ne, amma ban taɓa cewa komai ba.

Mun kusa shiga gari Attahiru ya miƙo mini ambulan da hannu ɗaya.

"Albishirinki. Gwajin Balkisu ya hito, komi lahiya lau. Gobe sai ƙarin ruwa."

Na buɗe. Takardar ba ta asibiti ba ce, ta wani ɗakin gwaji ce a Sabon Gari. Koren biro, hatimi ya ɗan karkace. Babu ƙwayar hanta. A wurin shekaru an rubuta sha biyu.

"Me ya hana a yi a asibiti?"

"Layi. Kin san halinsu. Abokina Jibrin na nan, cikin yini guda ya gama muna."

"Shekararta sha ɗaya."

"To likita. A maida shi makaranta?"

Ya yi dariya, ni ma na yi. Wataƙila ku ce ba komai ba ne. A inda na yi karatu an taɓa mayar mini da aikin wata guda saboda ɗigo ɗaya ya zame daga wurinsa. Na ninke takardar na sa a jaka.

Gidan na ƙamshin man gyaɗa da zuma. Baba ya tafi Wamakko ta'aziyya sai gobe. Ƙanwarsa Goggo Delu ta zo tun Litinin saboda hidimar Jumma'a, ta kafa murhu a ƙarƙashin rumfar da aka yi wa Balkisu don kada rana ta taɓa ta. Alkaki ya cika fanteka biyu, dubulan na cikin mai. A kan igiya an shanya atamfar da mata za su saka, ruwan goro mai zanen ganye, wadda ni ba a tambaye ni ba aka zaɓa.

"Ga likitan Indiya da akwatin sirri," in ji Goggo.

Na durƙusa na gaishe ta, na gaida Inna, na wuce wurin firij. Na fitar da gorunan zoɓo da kunun aya daga layin tsakiya, na goge, na jera kwalaye huɗu, na sa ma'aunin a gefensu.

"Sa shi sama wurin ƙanƙara mana, can ya hi sanyi."

"In ya daskare ya mutu, Goggo."

"Ashe magani ma mutuwa shikai. Allah shi jiƙan zamani."

Na rubuta KADA A TAƁA a takarda na liƙa. Na duba batirin sola. Sannan na shiga ɗakinmu.

Labule biyu ne a tagar, ɗaya kan ɗaya. Balkisu na kishingiɗe a gado cikin doguwar rigar auduga mai dogon hannu, ƙaramar fanka mai caji na kaɗa mata fuska. Ban san fankar ba.

"Ya Attahiru ya kawo min," ta ce tun ban tambaya ba. "Ke mi kinka kawo min?"

"Man rana."

"Kullum man rana."

Na zauna a bakin gado na naɗe mata hannun riga don in shafa. Abin da ya kamata ku sani shi ne, wata goma sha huɗu na ƙwayar nan ya sa fatarta ta yi laushi. Ko sauro ya cije ta sai ya bar shaida. Allura kuwa baƙin tabo take bari mai faɗin kwabo, ya yi kwana goma bai ɓace ba. Takardar ta ce jiya Talata aka ɗebi jini.

Na duba cikin gwiwar hannun dama. Na duba ta hagu. Na juya bayan hannayenta. Na ɗaga riga na duba ƙafafu, domin wani lokaci can ake samun jijiya. Babu komai sai tsofaffin tabo da suka koma ƙasa-ƙasa.

"Ina aka ɗebi jinin?"

"Wane jini?"

"Balkisu."

Ta kalli fanka. "Ba a ɗiba ba. Ya Attahiru ya ce ya hutasshe ni. Ya ce kyauta ce ya yi min, kada in hwaɗa miki, ke ba ki da tausai."

"Shi ya ce ba ni da tausayi?"

"A'a. Wagga ni na ƙara."

Na gama shafa mata man. Da na juya ta don in shafa wuya, na ga abin da kullum nake kau da kai daga gare shi: layi-layin ƙananan tsaga a kafaɗunta. Farkon ciwon, kafin in dawo, Goggo ta kai ta wurin wani wanzami a ƙauye ya fitar mata da mataccen jini. Askar mutum nawa ta taɓa a ranar, ban sani ba. Katin rigakafinta na jarirai kuwa ya ɓace tun shekarar da ruwa ya shiga ɗakin Inna.

Na fita tsakar gida. Inna na juya dubulan da matsami.

"Inna, ba a ɗebi jinin Balkisu ba."

Ba ta ɗago ba. "Na sani."

Na fi tsoron wannan amsar fiye da a ce ta yi salati.

"Yarinya ta sha allura har jijiya ta ɓace," ta ce. "Watan jiya sau huɗu sunka soke ta kahin a samu. Ba ki nan jiya da ta ji an ce asibiti, ba ki ga yadda ta riƙe ƙahwar gado ba."

"Shi ke nan dalilin?"

Ta tsame dubulan uku ta ajiye a kwando. Ta rage murya. "Ƙanwar uwar Attahiru na aiki ɗakin gwajin asibitin. In anka ga wani abu, kahin takarda ta iso nan ta iso gidansu. Da ma sau biyu uwarshi na tambaya ko ciwon Balkisu gado ne."

"Wa ya kawo shawarar, ke ko shi?"

"Shi ya ce akwai hanya. Ni ban hana ba."

"Inna, ko an gano ba ƙarshen duniya ba ne. Ƙwaya ce za a fara ba ta. Amma in tana da shi muka rufe ido muka sa ruwan nan, kafin azumi muna iya rasa ta. Ba ciwon tsoka zai kashe ta ba, mu ne."

"Allah shi kiyaye."

"Amin. Shi ya ba mu gwajin."

Goggo ta ajiye muciya. "Ɗiyar malamai, shekara sha ɗaya, ko ƙohwar gida ba ta hita. Ina za ta samo ciwon 'yan duniya?"

"Ba ta hanya ɗaya ake samunsa ba, Goggo. Aska ma na kawo shi."

Man na ta tafasa.

Na koma ɗaki na tura wa Dakta Gazali saƙo. Sau biyu na goge kafin in bar shi haka: *Dakta, takardar gwajin hanta da ke hannuna ba ta gaskiya ba ce. Ba a ɗebi jini ba.*

Minti huɗu ya amsa. *Ba za a sa ruwa gobe ba. Ki kawo ta ƙarfe takwas a ɗiba a gabana. Magani zai jira muddin firij na aiki. Wa ya yi wannan?*

Tambayar ƙarshen ban amsa ba.

Ina riƙe da wayar, koren biron nan ya dawo mini a rai. Na san na taɓa ganinsa. Na buɗe durowa, na ɗaga lesukan da aka fara tara mini, na zaro fayil ɗin takardun makarantata. A bayansa na ajiye takardun gwajinmu na aure, tawa da ta Attahiru. Baba tsohon alƙali ne, ba ya sauraron maganar aure a gidansa sai da takardar gwajin jini, ta mace da ta namiji. Mako uku da suka wuce Attahiru ya kai ni Sabon Gari, aka ɗebi nawa ina kallo. Shi ya ce tun da safe ya biyo aka ɗebi nasa kafin ya tafi ofis.

Na jera takardu uku a kan gado. Biro ɗaya, hannu ɗaya, hatimin ya karkace gefe ɗaya. A saman kowace akwai lambar shigowa. Tawa ɗari huɗu da sha biyu. Tasa ɗari huɗu da sha uku.

Wanda ya zo da safe, lambarsa ta biyo bayan ta wadda ta zo da hantsi.

Bayan la'asar Attahiru ya dawo, kamar yadda ya saba. Na same shi a zaure kan bencin baƙin Baba, farar shadda mai dogon hannu, maɓallan azurfa, turarensa ya danne ƙamshin littattafai. Goggo ta riga ta aika masa da farantin alkaki.

"Ranki shi daɗe, likita. An huta?"

"Attahiru, a wane hannu aka ɗebi jinin Balkisu?"

Ya yi murmushi, ko kunya bai ji ba. "Ta hwaɗa miki ke nan. Yarinyar ga ba ta riƙe sirri."

"Ka san abin da ka yi?"

"Takarda ce likita ke so ya sa a fayil, na kawo mishi. Kowa haka shikai, Sadiyatu. Ta makaranta, ta ɗaukar aiki, ta tahiya waje. Nan ba Indiya ba ce."

"Ta aure fa?"

Na ajiye takardun biyu a kan benci, tsakaninsa da farantin. Ya kalle su bai taɓa ba.

"Mi kike nuhi?"

"Ka ce ka riga ni zuwa. Lambarka na bayan tawa."

"Daga baya Jibrin ya shigar."

"Wane hannu ya soka?"

"Mi?"

"Hagu ko dama?"

Hannunsa na dama ya tafi wajen na hagu, ya tsaya a hanya, ya koma ya gyara maɓalli. "Sati ukku, wa ka riƙe wanga? Kin koma 'yar sanda." Ya buɗe hannuwa. "Ki dube ni. Ko ciwon kai ban yi."

A nan ya kamata in tsaya, kuma zan faɗa maku gaskiya a kansa. Mutumin nan shi ya goya Balkisu ya hau bene hawa uku ranar da na'urar hawa ta asibiti ta tsaya. Shi ya sa aka ƙara batirin sola saboda firij. Duk kwana huɗun da na yi a Legas, kullum sai ya turo mini hotonta tana dariya. Na san duk wannan. Amma ban tsaya ba.

"An taɓa gwada Lawwali?"

Fuskarsa ta rufe gaba ɗaya.

"Kada ki sa mamaci cikin wagga magana."

"Ciki ya kumbura, ido ya yi..."

"Na ce kada ki sa shi." Ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. "Taimako na yi. Na ga yarinya na kuka, na ga uwa na kuka. In laihi ne, na ji."

"Gobe ƙarfe takwas zan kai ta asibiti a ɗiba. Ka zo. Ka sako riga mai gajeren hannu."

Ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina. Sannan ya ɗauki makullin mota ya fita. Alkakin ko ɗaya bai ci ba.

Zauren ba shi da nisa da tagarmu. Da na shiga, Balkisu ta juya fuska bango, da ƙyar, domin juyawar ma aiki ce a wurinta.

"Za a soke ni?"

"Za a soke ki."

"Sau nawa?"

"Har a samu jijiya. Zan riƙe miki ɗaya hannun."

"Na hi son Ya Attahiru da ke."

"Na sani."

Na gyara mata filo, ta bari, amma ba ta juyo ba.

Rana ta sauka daga kan katanga lokacin da wayata ta yi ƙara. Shi ne.

*An gwada Lawwali, ciwon hanta ne. Ni kaɗai na ga takardar, na ƙone ta. Ko Hajiyarmu ba ta sani ba. Don Allah kada ki gaya wa kowa tukuna, mu yi magana.*

Na karanta sau uku. Ke nan ba rashin sani ba ne. Ya san abin da gwaji ke iya nunawa, ya taɓa riƙe shi a hannunsa. Shekara biyu yana tuƙa motar mamaci bai yarda allura ta kusance shi ba. To jiya da ya tsaya kan gadon Balkisu ya ce ya hutar da ita, tausayinta ya ji, ko kuwa ba ya son kowa a gidajen nan biyu ya bi ta ƙofar ɗakin gwajin nan kafin Jumma'a? Ban sani ba. Wataƙila shi ma bai sani ba. Ku da kuke karantawa za ku yanke masa hukunci kafin ku kai ƙarshen layin nan, ni kuwa sai na kwana da shi a raina.

Wani saƙon ya shigo. *Kin gani?*

Na kifa wayar.

Inna da Goggo suna tsaye a bakin ƙofa. Goggo ce a gaba, hannunta duk gari.

"Mun ga ya hita ba sallama. Mi kinka ce mishi?"

"Abin da ke tsakaninmu ne, Goggo."

"To ki saurara, ɗiyata. An soya, an ɗinka, an gaya wa mutane har Wamakko. Ki bari Jumma'a ta wuce lahiya. Bayan nan ki soke duk wanda kike so, har ni."

Na kalli Inna. Idonta na kan gadon Balkisu.

"In Baba ya dawo gobe ni zan yi masa bayani," na ce.

"Bayanin mi? Ki tona wa yaro asiri kan takarda?"

Na tura ƙofar a hankali har ta rufu, na sa sakata. Ta bayanta na faɗa, yadda za su ji ba tare da maƙwabta sun ji ba.

"Ba a sa wa Balkisu ruwan nan sai an ɗebi jininta a gabana. Ba a sa rana sai an ɗebi nasa. Alkakin ku raba wa unguwa."